Akumarin Toka

A rumbunan sarki na Tasalonika, in aka ambaci Sabas, abin da ake fara faɗa shi ne bai taɓa kai buhu sansani da hatimi a karye ba. Masu awo sun ce tun yana saurayi mai jan ragama haka yake. Dakaru kuwa cewa suke yi in kaza ta tsinci ƙwayar sha'ir a bayan ayarinsa, sai ya bi ta har akurki ya karɓo. Mu da muke kora alfadarai a ƙarƙashinsa muna da namu zancen. An ce ya taɓa taka ƙafar firist a bakin coci, ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ai ƙafar ce ta shigo hanya. Matarsa ma, wadda ke sayar da zaitun a bakin tashar jiragen ruwa, ta taɓa gaya wa maƙwabta cewa ranar da ya fasa mata tulun mai bai ce uffan ba, sai washegari ta tarar da sababbin tuluna biyu a bakin ƙofa. Ta ce da ya riƙe tulunansa ya buɗe baki sau ɗaya, da ya fi mata.

Na daɗe ina bin ayarinsa. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ban kuma taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

A shekarar da rundunarmu ta kewaye kagarar da ke bayan duwatsun arewa, an fita yaƙi da wuri, a tsakiyar Babban Azumin da Kirista ke yi kafin bikin Ista, tun ciyawa ba ta leƙo ba. Duk wanda ya san dawaki ya san ba a yin haka, amma daga babban birnin sarki umarnin ya zo. Ba a jima ba manzo ya gangaro da doki duk ƙashi, ya ce gurasar dakaru ta kusa ƙarewa, ɗan abin da ya rage ana jiƙa shi a ruwa a raba, dawakin barade kuma sun cinye jinkar bukkoki sun koma tauna igiyoyinsu. Aka ce Sabas ya tashi da sha'ir da alkama da wake da man zaitun da kifin gishiri. Kowane buhu an ɗaure bakinsa, an matse dunƙulen darma a kan ƙullin da tambarin rumbu. Wanda ya karya darmar nan kafin sansani, bulala ce hukuncinsa, in abin ya yi yawa a yanke masa hanci.

Alfadaran rumbu ba su isa ba, sai muka bi ƙauyuka muna karɓa. Al'adar ita ce a karɓi dabba, mai ita in ya ga dama ya biyo ta ya kula da ita, in an sauke kaya ya koma da abarsa. Yawanci tsofaffin maza ne ke biyowa. A wani ƙauye da ke manne a gindin dutse muka karɓi wata alfadara mai launin toka, ta wata mata da ake kira Kali. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da alfadarar nan, da ita take kai gawayi da cuku kasuwa. Ba ta yi kuka ba kamar yadda sauran mata suka yi. Ta shiga ɗaki ta ɗauro mayafi, ta danƙa yaran a hannun 'yar'uwarta, ta fito da akumari a ka. Ta ce ba wanda zai ɗora wa dabbarta na rumbu, wannan mijinta ya ɗinka shi daidai da bayanta.

Ta je har gaban Sabas ta tsaya.

"Madugu, ka gan ta nan? Toka sunanta. Da ƙafa huɗu na ba ka ita, da ƙafa huɗu zan karɓa."

Sabas ya ce sarki ba ɓarawo ba ne. Ta ce ita ba ta san sarki ba, shi ta gani.

Akwai wani a cikinmu, Lazaros, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a coci. Ya ce mata, Gwaggo, in an dawo lafiya ko a haɗa miki da miji mai ƙafa biyu? Ta ce ya riƙe abinsa, alfadara ba ta shan giya, ba ta kuma kwana tana ba da labarin yaƙin da ba ta je ba. Tun daga ranar ya kama girmama ta.

Yadda ake tafiyar nan, ba duka dabbobi ke ɗaukar kayan sarki ba. Ana ware wasu su ɗauki abincin 'yan'uwansu, domin alfadari ba ya tafiya da iska, kuma iya nisan hanya iya abin da yake cinyewa. Sabas ya fi kowa sanin wannan. Amma manzo ya faɗi yawan buhunan da ake jira, kuma dabbobin ba su da yawa, saboda haka ya ɗora wa kusan dukansu kaya mai hatimi, ya ɗauki abincin da zai kai mu wata gada da ke kan hanya kawai. A gadar akwai rumbun harawa da sha'ir da aka tanada don ayari irin namu. Ba wanda ya ga aibin shirin. Ni ma da aka tambaye ni, haka zan yi.

Da muka isa gada muka tarar da ƙofar rumbun a buɗe. Mai gadinsa, wani tsoho mai tari, ya ja mu ciki ya nuna mana daɓe a share. Ya ce barade ne da aka tura ƙari suka wuce, suka ciyar da dawakinsu, suka kwashe sauran, har ciyawar da ke cikin katifarsa ba su bari ba. Sabas ya tambaye shi wa ya ba su izini. Tsohon ya ce wani ne mai gashin tsuntsu a kwalkwali da takobi a hannu, shi kuma bai ga dalilin neman ƙarin bayani ba.

Muka zauna a bakin ruwa, aka yi ta magana. Kowa ya san abin da sauran madugai ke yi in haka ta faru: a buɗe 'yan buhuna a ciyar da dabbobi, in an isa a ce sun faɗa kogi. Lazaros ya ce ga ma kogin nan a gabanmu, ba sai an yi ƙarya mai nisa ba. Sabas ya bar su suka gama, sannan ya ce ba za a taɓa darma ko ɗaya ba. Ya ce a can sama akwai mutanen da ke jiƙa ɓawon gurasa suna jiran buhunan nan. Ya ce in muka haye dutsen, akwai kwari mai fuskantar rana wanda kullum shi ke fara yin kore, ya sha sauka a wurin, dabbobi za su ci su ƙoshi.

Kali ta tambaye shi a halin yanzu fa, me za su ci. Ya ce alfadari yana da haƙuri.

"Haƙurin ne za ka zuba musu a gaba?"

 Ya ce a ɗaura kaya.

Hawan dutsen ya yi wuya. Dusar ƙanƙara tana narkewa, hanya ta zama taɓo, ƙafa in ta shiga sai an ciro ta da ƙarfi. Ɗan abincin da ya rage muka raba da tafin hannu har ya ƙare. Daga nan dabbobin suka fara jin ƙanshin abin da ke bayan 'yan'uwansu. Na baya sai ya miƙa wuya ya ciji buhun na gaba, na gaba ya yi harbi, layi ya rikice a kan hanyar da faɗinta bai wuce na dabba ɗaya ba. Sabas ya sa aka warware igiya aka saƙa takunkumi, aka ɗaura wa kowace dabba. Haka muka ci gaba, sha'ir a baya, baki a ɗaure. Kali ta ƙi ɗaura wa Toka, sai da Sabas ya zo da kansa ya ɗaura. Ta tsaya tana kallonsa, ta ce ko Iblis da ya zauna yana shirya azaba bai tuna da wannan ba. Ya ce gobe za mu sauka kwari.

Mun sauka kwarin. Rana tana haskawa kamar yadda ya faɗa, kuma lallai wurin ya yi kore, amma kafin mu zo an cinye. Masu neman abincin rundunarmu sun riga mu. Gonakin alkama da ta fara tsiro an kiwace su har ƙasa. Gidaje ba jinka, ramukan da mutane ke ɓoye hatsi an tone su an bar su a buɗe, kurangar inabi an sare an yi wuta da ita. Ba kaza, ba kare. A bakin rijiya muka sami wata tsohuwa zaune ita kaɗai, ta tambaye mu rundunar wa ce. Lazaros ya ce ta sarki ce, Kaka, taku ce. Ta gyaɗa kai ta ce ta yi zaton haka, don abokan gaba in sun zo sukan bar wa mutum ƙyauren ƙofa.

Sabas ya zagaya kwarin a kan dokinsa har ya dawo. Na ga fuskarsa, na san ya gane. Na ɗauka a nan zai zaro wuƙa ya buɗe buhu. Sai ya ce gaba kaɗan akwai gidan sufaye masu zaman ibada na coci, ba a taɓa kayan sufaye, gobe za mu sami harawa. Gidan sufayen muka tarar an ƙone shi. Ya ce gobe akwai fadama. Fadamar tana ƙarƙashin ruwan ƙanƙara. Lazaros ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, alfadaran nan sun ci gobe har ta ishe su, ko za a sauya musu da wani abin.

Kali ba ta daina magana ba. Da safe in ana ɗaura kaya tana kansa, da rana in an tsaya shan ruwa tana kansa. Ta roƙe shi da Maryamu Mai Tsarki, ta roƙe shi da kabarin uwarsa, ta zage shi, ta kira shi Mai Hatimi, ta ce ranar da ya mutu a matse masa darma a baki a ga ko mala'iku za su yaba. Shi kuwa sai ya ce, baiwar Allah, kayan ba nawa ba ne. Duk inda aka tsaya sai ta haura gangare ta tono busasshen ganye daga ƙarƙashin duwatsu, ta ɓare ɓawon itace, ta kawo a haɓar zane. Rabonta na gurasa, irin wadda ake gasawa sau biyu har ta yi tauri kamar tubali, sai ta jiƙa ta ba Toka. Ni nakan miƙa mata rabin nawa, ta karɓa ba godiya, ta ce ɗan'uwa, kai ma ka zama alfadari, ba ka magana sai ɗaukar kaya.

Dabbobi suka fara faɗuwa. Alfadari ba ya ba da sanarwa, yana cikin tafiya sai ya durƙusa ya ƙi tashi. In ɗaya ya faɗi, sai a raba kayansa a kan saura, su kuma nasu lokacin ya matso. Kowa yana ganin yadda abin ke tafiya. Sabas ya sauka daga dokinsa ya ɗora masa buhuna, shi kansa ya saɓa ɗaya a kafaɗa. Mutum ne da ya fara furfura, yana hawan dutse da buhun sha'ir, numfashinsa kamar zuga-zugi, amma bai yarda a taɓa darma ba. Abin da ya fi ba mu haushi ke nan. Da mugu ne mai cin kayan a ɓoye, da mun san yadda za mu yi da shi.

Wata safiya ya lura tsuntsaye suna bin sawunmu, suna sauka a hanya suna tsince-tsince. Ya bi layi a hankali yana duba ƙasa har ya zo kan Toka. Kali ta huda gindin buhun da basilla, tana tafe a gefe da haɓar zane a tare, ƙwaya tana zuba ɗai-ɗai. In ta tara cikin tafi sai ta sassauta takunkumi ta ba dabbar. Ba ta musa ba. Ta nuna masa bakin buhun ta ce ga darmarsa nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu, ai ita yake bauta wa.

Yana da ikon sa a yi mata bulala. Bai yi ba. Ya karɓi basillar ya ɗinke hujin da hannunsa, ɗinki mai kyau, ya mayar mata da abarta. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Kafin rana ta take, wani alfadarin rumbu ya durƙusa. Muka kwance kayansa muna shirin rabawa kamar kullum, sai Sabas ya ce a ɗora wa Toka buhu guda cur a kan nata. Ya ce ita ce ta ci sha'irin sarki, ita ke da ƙarfi.

A nan ne Kali ta durƙusa a cikin taɓo. Ba ta taɓa yi ba.

"Madugu, ni na yi laifi. Ka sa a dake ni. Ita ba ta san komai ba."

Ya kau da kai ya ce gobe za mu isa.

Na ce masa kayan ya yi mata yawa. Ya dube ni kamar bango ne ya yi magana, ya ce in tausayi nake ji in rage mata. Na sauke tulun man da ke rataye a gefen akumarinta na ɗauka. Buhun dai ya zauna.

Wannan karon goben tasa ta zama gaskiya. Da hantsi muka hango kagarar a kan dutsenta, da hayaƙin sansani a ƙasa. Toka ta iso da ƙafarta, Kali na tura ta daga baya da kafaɗa a duk inda hanya ta yi tudu. Amma tun daga nesa muka ga abin da bai yi kama da sansanin da ke jiran abinci ba. Ana ta kwance tantuna. Manyan majaujawan da aka kafa don jifan ganuwa ana sara su da gatari. Ashe ciwon ciki ya gama da dakaru, ga yunwa, ga labarin cewa taimako yana zuwa wa mutanen kagara. Sarkin yaƙi ya ba da umarnin a tashi a ranar.

Sabas ya yi kamar bai gani ba. Ya sa muka sauke kaya muka jera buhuna a layi, baki sama, darma tana ƙyalli, yadda ya saba. Ya gyara hularsa ya je ya kira hafsan da ke karɓar kaya, ya ce ranka ya daɗe, a duba hatimi.

Hafsan saurayi ne, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun tsage. Bai ko sunkuya ba. Kafin ya yi magana dakaru sun riga sun auka wa layin, ba wanda ya nemi bakin buhu, a ciki suke soka wuƙa su tara kwalkwali. An riga an ɗaure duwatsun niƙa a kan kekunan shanu, saboda haka alkamar haka suka dafa ta tsaba, wasu ma ba su jira ta nuna ba. Barade suka ja buhunan sha'ir zuwa wurin dawakinsu. Darma ta zube a taɓo ana takawa.

Hafsan ya ce abincin ya zo a makare, amma dabbobin sun zo a kan kari, yana da marasa lafiya da ba za su iya taka ƙasa ba. Ya ce a nuna masa alfadaran. Aka kai shi wurinsu. Ya zagaya ɗaya, ya sa yatsa a tsakanin haƙarƙarinsa, ya taɓa takunkumin.

"Kai wane irin madugu ne, Baba? Sha'ir a bayansu ka bar su haka?"

Sabas ya ce kayan da hatimi.

Hafsan ya sunkuya ya tsinci dunƙulen darma ɗaya, ya juya shi a hannu, ya jefa wa wani mai majaujawar hannu da ke wucewa, ya ce ya adana, za ta yi amfani a hanya. Sannan ya ce duk abin da mutane da dawaki ba su cinye ba kafin ƙahon tashi, a tara a cinna masa wuta, tunda babu dabbar da za ta iya komawa da shi, kuma ba za a bar wa mutanen kagara ba.

Toka, da aka sauke mata kaya, ta daɗe a tsaye kamar ba ta san an sauke ba. Can sai ta lanƙwasa ƙafafun gaba ta kwanta. Kali ta cire mata takunkumi ta zauna ta ɗora kanta a cinya. Ina tsaye na ga Sabas ya nufi wani buhu da dakaru ba su kai gare shi ba. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar, darmar ta faɗi. Lazaros ya taɓa ni da gwiwar hannu. Sabas ya cika hularsa da sha'ir ya kawo ya ajiye a gaban hancinta.

Ta shinshina. Numfashinta ya watsa 'yan ƙwayoyi. Ba ta ci ba.

Kali ta jiƙa kaɗan a ruwa ta murje da yatsu ta tura mata a gefen baki, ya zubo. Ta sake, ya sake zubowa. A lokacin an riga an cinna wa tarin wuta, ƙanshin gasasshen sha'ir ya cika kwarin, sauran alfadaran da suka sami ɗan abin ci suna ta ɗaga kai. Kafin a busa ƙaho Toka ta miƙe ƙafafu, rai ya fita.

Na yi zaton Kali za ta tashi ta yage wa Sabas riga. Ta kwance ragamar ta naɗe a hannu, ta ja akumarin gefe ta kakkaɓe shi. Ko kallon Sabas ba ta yi ba. Da ta sunkuya za ta ɗora akumarin a ka, sai ya riga ta, ya saɓa shi a baya, ya ja igiyar ya ɗaure a ƙirji. Ta bar shi.

Haka muka gangaro a bayan runduna, marasa lafiya suna nishi a kan kekuna, waɗanda ba su sami wuri ba suna dafa juna. Madugun ayarin sarki yana tafe da akumarin alfadara a baya. Dakaru suna wucewa suna tambayar wa ya hau, wasu suna yi masa kukan jaki. Lazaros ya ce sau ɗaya, Madugu, ko a ɗaura maka takunkumi, sai ya ga ba wanda ya yi dariya, ya bari.

Matar da ta cika mana kunne tun daga ƙauyensu ta yi shiru, kuma shirun ya fi zaginta damun Sabas. Ya dinga matsowa kusa da ita yana magana kamar da iska yake yi. Ya ce wanda ya fitar da runduna kafin ciyawa shi ya jawo wannan. Ba ta tanka ba. Da muka zo gada ya tsaya a ƙofar rumbun ya ce da baraden nan sun bar ko rabin harawar, da ba haka ba. Ba ta tanka ba. Ya ce in mun isa Tasalonika zai yi magana a ba ta ɗaya daga alfadaran rumbu, ana jin maganarsa a can. Ya ajiye mata rabonsa na gurasa a kan dutse, ta tashi ta bar shi a wurin, tsuntsaye suka ci. Ni dai ina bayansu ina tuna tulunan matarsa.

Ana gab da Ista muka iso mararrabar da ke haurawa ƙauyensu. A nan ƙasa ciyawa ta fito har ta rufe idon sawu, 'yan dabbobin da suka rage mana sai da ƙyar muke janye kansu daga gefen hanya. Kali ta tsaya a gindin wani ɓaure ta miƙa hannu biyu. Sabas ya kwance igiyar ya sauke akumarin. Rigarsa ta manne da baya, inda itacen ya goge shi har jini ya fito. Maimakon ya miƙa mata, sai ya jawo dokinsa ya ɗaure a jikin ɓauren. Ya shiga bayani, cewa dokin ba shi da harbi, kofatonsa na hagu yana son kulawa, in ya sami ciyawar nan zai murmure kafin girbi.

"Kwance dokinka, Madugu," in ji ta. Tun daga sansani sai yanzu muka ji muryarta. "Doki ba ya hawan dutse da gawayi. Ban kuma roƙe ka ba."

Ya ce to alfadarin rumbun fa. Ta ce ya bar wa rumbu.

Ya tsaya da ragama a hannu, bai san inda zai sa ta ba. Ayari duka ya tsaya, ba wanda ya ce a tsaya.

Daga sama aka hango mu. Mutanen ƙauye suka fara gangarowa, masu neman dabbobinsu da masu neman tsofaffinsu. 'Ya'yan Kali suna gaba da gudu. Babbar ta rungume uwar. Ƙaramar ta leƙa bayanta, ta leƙa cikin ayari, ta dubi akumarin da ke ƙasa, sannan ta ce, Inna, ina Toka?

Kali ta shafa kan yarinyar ta juya ta wajen Sabas.

"Ga Madugu nan. Shi na ba wa. Tambaye shi."

Yarinyar ta ɗaga kai tana jira. Sabas ya buɗe baki, na ji ya fara kawo zancen gada, sai ya tsaya. Ya dubi dokin, ya dubi mu da muke tsaye, masu jan ragama da mutanen ƙauye. Ya cire hularsa, har yanzu da 'yan ƙwayoyin sha'ir maƙale a ɗinkinta, ya riƙe ta a ƙirji. Da ya yi magana muryarsa ta fita har na ƙarshen layi ya ji.

"Ta mutu, 'yata. Ni na kashe ta. Abinci yana bayanta na ɗaure mata baki, na kuma ƙara mata kaya don ina jin haushin uwarki." Ya juya. "Kali, na cuce ki. Ki yafe mini."